ASAMAKA: KORONA TA LAFA, SAURA MAƘOƘO

Cutar korona ta fi yi wa tsofaffi da masu raunin jiki ɓarna. Yara kuwa galibi ɗan zazzaɓi da mura ta sa musu, ta wuce. Amma likitocin da suka auna jinin yaran da ta kwantar a asibiti sun tarar cewa takan girgiza wata ƴar halitta da ke gaban wuya, wadda tsawon yaro da kaifin basirarsa suka rataya a kanta. A jihar Agadas, inda yara ke ratsa hamada ba dare ba rana, wannan sabuwar magana ta iske wata tsohuwa tana jira, wato maganar gishirin da ake zubawa a miya.

Ƙofar arewa

Wanda bai taɓa zuwa Asamaka ba zai iya zaton birni ne, saboda yawan jin sunansa a rediyo. Alhali ƙauye ne na mutum kamar 1500 a ƙiyasin ƙungiyoyin agaji, zaune tsakiyar rairayi: barikin soja, ofishin ƴan sanda, ofishin duwan, ƴan shaguna da masu sayar da mai, sai ƙaramin asibiti guda irin wanda ake kira CSI. Daga nan zuwa Arlit tafiyar kilomita 200 ce da ɗoriya. Daga Arlit zuwa Agadas kusan 240, daga Agadas zuwa Yamai sama da 900. A arewa kuma In Gezam ce, garin farko na Aljeriya. Duk kamyon da ya ɗauko dabino, taliya, madarar gari ko man fetur daga Tamanrasat, nan yake fara tsayawa.

Ba kaya kaɗai ke bin wannan ƙofa ba. Tun ƙarshen shekarar 2014, bisa wata yarjejeniya tsakanin gwamnatocin Nijar da Aljeriya, ake kwaso ƴan Nijar a manyan motoci ana dawowa da su gida ta Asamaka. Ƴan sauran ƙasashen Afirka kuwa a wani fili ake sauke su da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 a ƙafa kafin su sami ruwan sha. Cikin ƴan ƙasa da ake dawowa da su mata da ƙananan yara suna da yawa, da dama daga Kance da kewayenta a jihar Damagaram, waɗanda aka kai biranen Aljeriya bara. Har gobe ba za a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. 52 daga cikinsu yara ne.

A cikin wannan hali korona ta iske garin. Ranar 19 ga Maris 2020 ministan lafiya na lokacin, Dokta Idi Illiassou Maïnassara, ya ba da sanarwar mutum na farko da aka samu da cutar a Nijar. Aka rufe iyakoki, aka rufe makarantu, amma hamada ba ta da ƙyaure. Waɗanda aka koro suka ci gaba da isowa, hukuma tare da ƙungiyar OIM mai kula da matafiya da likitocin MSF suka riƙa killace su kwana 14 a Asamaka kafin a wuce da su Arlit da Agadas. Bayan annobar ma kwararar ba ta tsaya ba. A watan Maris na 2023 MSF ta sanar da cewa mutum 4677 sun iso garin a ƙafa tsakanin 11 ga Janairu da 3 ga Maris, har CSI ɗin ya cika ya batse. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara kuma ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka koro a shekarar 2024 kaɗai.

A lissafin hukuma, waɗanda aka tabbatar korona ta kama a duk faɗin Nijar ba su kai dubu 10 ba, mamata kuwa 300 da ƴan kai. An fara allurar rigakafi ranar 29 ga Maris 2021, sannan ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ɗage dokar ta-ɓaci da ta kafa a kan cutar. Ɗage doka dai bai kashe ƙwayar cuta ba: tana nan ta saje cikin sauran masu kawo mura da tari. To, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, abin da wannan ƙwaya ke yi wa jikin yaro ya cancanci a tsaya a kansa.

Mai iza wutar jiki

In mai karatu ya ɗora yatsu ƙasa kaɗan da zakaran wuya ya haɗiye miyau, abin da ya motsa sama ya komo, a nan take kwance. Likitoci na kiranta tiroyid. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya shimfiɗa fikafikai, nauyinta a jikin babban mutum giram 20 ne ko kusa da haka. Bahaushe bai raɗa mata suna ba sai ranar da ta kumbura, sannan ya ce maƙoƙo.

Aikinta shi ne tsamo wani sinadari daga abinci da ake kira iyod, wanda a Nijeriya ake ce wa aidin, ta haɗa wasu sinadarai biyu da shi, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Waɗannan su ke iza wuta a murhun jiki. Su ke tsara saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, tsawon ƙashi da ginuwar ƙwaƙwalwa. Ita ma tana da na gaba da ita: wata ƙaramar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna hipofiz, wadda ke aiko mata da umurni ta hanyar sinadarin TSH. Ma'aikacin gwamnati zai gane abin da sauri. In ƙaramin ofishi ya yi sanyin aiki, takardun tuni daga babban ofishi sai su yawaita. In ya wuce gona da iri, sai a daina tura masa takarda. Haka TSH yake: yawansa a jini na nuna tiroyid ta gaza, ƙarancinsa na nuna ta yi zari. Shi ya sa shi likita ke fara dubawa.

Yaron da tiroyid ɗinsa ta gaza yakan daina tsawo, ya riƙa jin sanyi ko da ana zafi, fatarsa ta bushe, bayan gida ya yi masa wuya, barci ya yi masa yawa, karatu ya koma baya. Wanda tasa ta yi zari kuwa yana ci yana ramewa, gabansa na faɗuwa, hannunsa na rawa, gumi ba ya yanke masa, ba ya zama wuri ɗaya, wani lokaci idanunsa su firfito. Mafi haɗari shi ne ƙarancin da ya faru tun yaro na ciki har zuwa shekara uku na farko, domin a lokacin ne ake gina ƙwaƙwalwa, abin da ya rushe a nan kuwa ba ya gyaruwa. Lokacin balaga ma jiki na neman ƙarin sinadaran, shi ya sa maƙoƙo ya fi bayyana a wuyan ƴan mata da masu juna biyu.

Hanya uku da korona ke bi

Ƙwayar korona ba ta shiga tsokar jiki sai ta sami wata kafa da masana ke kira ACE2. Wannan kafa tana cikin huhu, tana cikin hanji, an kuma same ta da yawa a jikin tiroyid. Tun annobar SARS ta 2003, wadda ƴar uwar korona ta haddasa a ƙasar Sin, binciken gawarwaki ya nuna ɓarna a wuyan wasu mamata. Saboda haka da sabuwar cutar ta ɓarke likitocin wannan fanni suka sa ido. Abin da suka gani ya kasu gida uku.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, ba ciwon tiroyid ba ne ko kaɗan. Idan ciwo ya tsananta, jiki yakan yi abin da mai gida ke yi lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa damina ba ta faɗi ba: ya rage awo, tiya biyu ta koma ɗaya. Jiki sai ya rage juya T4 zuwa T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki, domin ya tattala abin da ya rage masa. In aka ɗebi jini a wannan lokaci za a ga T3 ya faɗi, alhali TSH bai hau ba. Ana ganin haka a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da ciwon huhu, da sanƙarau, da ƙuna, an kuma gan shi a korona. A watan Afrilu na 2020 likitocin Landan suka ba da labarin wani sabon ciwo da ke kama wasu yara makonni biyu zuwa shida bayan korona ta taɓa su: zazzaɓi mai naci, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki, raunin zuciya. Faransawa na kiransa PIMS. A asibitin yara na Buzzi da ke Milan, ƙasar Italiya, an auna jinin yaran da wannan ciwo ya kwantar, aka tarar kimanin tara cikin kowane goma awon tiroyid ɗinsu ya kauce, akasari T3 ne ya yi ƙasa. Wannan ragin awo ba ya bukatar maganin tiroyid; in yaro ya warke daga ciwon da ya kwantar da shi, jini kan koma daidai da kansa.

Na biyu shi ne kumburin tiroyid mai zafi da ke biyo bayan mura, wanda ke ɗauke da sunan wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwis, Fritz de Quervain, da ya bayyana shi a farkon ƙarni na 20. Abin lura a nan, mutum na farko a duniya da aka rubuta labarinsa da wannan ciwo bayan korona matashiya ce ƴar shekara 18, a birnin Piza na Italiya, aka buga rahoton a watan Mayu na 2020. Kwana 15 bayan gwaji ya nuna tana da korona, alhali murar ma ta sake ta, sai zazzaɓi ya dawo, gaban wuyanta ya kama ciwo har muƙamuƙi, zuciyarta na bugu da sauri. Abin da ke faruwa a irin wannan ciwo kamar tulu ne ya tsage: sinadaran da tiroyid ta tara su kwarara cikin jini gaba ɗaya, a yi makonni suna da yawa, daga baya su yi ƙaranci har tsagar ta haɗe. An ba yarinyar maganin rage kumburi, cikin kwana 40 jininta ya daidaita. Akasarin masu wannan ciwo haka suke warkewa sarai, sai ƴan kaɗan da tiroyid ɗinsu kan gaza har abada. Ya fi kama mata manya, yana da wuyar samu ga ƙananan yara, amma samari da ƴan mata ba su tsira ba. A wani asibitin Milan kuma, cikin manya 287 da korona ta kwantar a 2020, ɗaya cikin biyar an same shi da alamar yawan sinadarin tiroyid a jini, abin ya fi yawa ga waɗanda kumburin jiki ya fi tsananta musu.

Na uku shi ne juyin da dakarun jiki kan yi wa jikin da suke karewa. Akwai cutar Basedow, inda suke tunzura tiroyid ta yi ta aiki ba tsayawa, da cutar Hashimoto, inda suke cinye ta sannu a hankali. Dukansu sun girmi korona nesa ba kusa ba, sukan bi jinin gida, sun kuma fi kama ƴan mata daga lokacin balaga. An rubuta labaran mutanen da ɗayansu ta taso musu ko ta dawo makonni bayan korona. Waɗannan su ne ba sa wucewa da kansu, su ke bukatar magani na watanni ko na tsawon rai.

Sai kuma wani tarko da ke cikin magungunan kansu. Deksametazon, wanda binciken Ingila ya nuna a watan Yuni na 2020 cewa yana rage mutuwa ga masu korona mai tsanani, yana sauke TSH. Heparin da ake bayarwa don hana jini daskarewa yana iya ruɗa awon T4. Saboda wannan duka, ƙa'idar masana ita ce kada a yanke hukunci a kan tiroyid da jinin da aka ɗiba yaro na kwance magashiyan, sai in akwai alama ƙarara. A bari ya miƙe, a sake awo bayan mako shida ko fiye.

Yaron Milan da yaron Kance

Yaron da aka auna a Italiya ya shiga asibiti ne da ƙoshinsa. Wanda aka sauke daga kamyo a Asamaka kuwa ya yi kwanaki a hanya, ga rana, ga ƙishirwa, ga abinci ba isasshe ba, wataƙila tun a gida da tamowa ya taso. Tamowa kaɗai tana sauke T3, ko babu korona. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da rashin cin nama ke kawowa, yana rage wa tiroyid ƙarfi, domin sai da sinadarin ƙarfe take iya sarrafa iyod. Hatta hatsin da ake tuwo da fura da shi, binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana tiroyid sakewa, amma illarsu ba ta tashi sai inda iyod ya yi ƙaranci. Wato laifin ba na gero ba ne, na gishirin da ya raka shi ne.

Nijar ƙasa ce mai nisa da teku, ƙasar nomanta da ruwan rijiyoyinta ba su da iyod mai yawa. Binciken da aka yi a makarantun ƙasar a 1994 ya sami maƙoƙo, babba ko ƙarami, a wuyan kusan kashi 36 cikin 100 na ƴan makarantar da aka duba. A kan haka ne gwamnati ta fitar da doka a 1995 wadda ta wajabta sa iyod a gishirin da ake shigowa da shi da wanda ake sayarwa. Maƙoƙo ya ragu ƙwarai bayan haka, amma aiki bai ƙare ba: wani bincike da aka yi a ƙauyukan jihar Damagaram, aka buga a 2017, ya tarar mata masu juna biyu ba su samun iyod isasshe, ko da yake na ƴan makaranta ya kai gwargwado. Jihar ke nan da yawancin yaran da ake dawowa da su ta Asamaka suka fito.

Abin da jiki ke nema bai taka kara ya karya ba. A ma'aunin OMS, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 na bukatar mikrogiram 90 a rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 na bukatar 120, saurayi da babba 150, mai ciki da mai shayarwa 250. In aka tara na tsawon rayuwar mutum bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Amma sai an samu kullum, kuma rashinsa shi ne kan gaba a duniya wajen jawo raunin ƙwaƙwalwar da za a iya kauce wa.

A nan ne magana ta zo ga ƴan kasuwa. Jihar Agadas uwar gishiri ce. Ayarin raƙuma na ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fashi tun kaka da kakanni, ga gishirin Tigidda-n-Tesum a yamma, a kudu kuma ga mangul da gishirin Foga. Duk wannan gishirin gargajiya ne, yadda aka haƙo ko aka dafa shi haka ake sayar da shi, ba a zuba masa iyod ba. Ya dace da dabbobi, yana da daɗi a miya, amma ba ya kare wuyan yaro. Sauran gishirin kasuwa daga waje yake zuwa, daga Gana, Sanagal da Aljeriya. Ko wanda aka sa wa iyod a masana'anta, in buhu ya daɗe a buɗe cikin rana da danshi, ko aka baza shi a faifai a bakin kasuwa, ƙarfinsa na raguwa. Gwada shi ba wuya: akwai wani ɗan ruwa a kwalba, in aka ɗiga a kan gishiri mai iyod sai ya koma shuɗi-shuɗi. Ma'aikacin duwan na iya yin wannan a bakin kamyo cikin minti ɗaya, haka ma mai shago kafin ya biya kuɗin buhu.

To, uraniyom fa?

A Arlit da Akokan, da wuya a ambaci wani ciwo ba a ɗaga ido an dubi tsaunukan tarkacen ma'adinai ba. Jama'a na da hujja. SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK a 1978 har zuwa rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, ta bar miliyoyin tan na tarkace. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka, masu awo na CRIIRAD daga Faransa sun zo a 2003, Greenpeace a 2009, dukansu sun ba da rahoton gurɓatar ruwa, ƙasa da ƙarafan da suka fita daga ma'adinai zuwa kasuwa. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, nauyin lafiyar mazauna garin ya ƙara komawa wuyanta.

Sai dai kowace guba da inda take sauka. Iskar radon da ƙurar ma'adinai huhu suke kamawa, uraniyom da ya shiga ruwan sha ƙoda ya fi yi wa illa. Abin da ya jawo kansar tiroyid ga yara sama da 6000 bayan fashewar tashar Cernobil ta Yukren a 1986 wani abu ne daban, iyod mai guba da ake kira iyod 131, wanda ba ya samuwa sai inda aka ƙona uraniyom a tukunyar nukiliya ko aka fasa bam. Ramin haƙar ma'adini ba ya fitar da shi. Saboda haka uban da ya ga wuyan ƴarsa ya tasa a Akokan, kada tsoron ma'adinai ya hana shi fara tambayar da ta fi kusa: wane gishiri ake ci a gidan? Darasin Cernobil ma nan ya nuna, domin yaran da dama ba su da isasshen iyod su gubar ta fi kamawa. Tiroyid mai yunwa duk abin da ya zo mata haɗiyewa take yi.

Abin da ya rage wa iyaye da hukuma

Yaron da ya yi mura ko korona ya warke ya koma wasa, ba ya bukatar awon tiroyid, kada a ɓata kuɗi. Wanda za a kai asibiti shi ne wanda, makonni bayan murar, zazzaɓi ya dawo masa tare da ciwon gaban wuya da faɗuwar gaba. Ko wanda ke ramewa alhali yana ci. Ko wanda kasala da jin sanyi suka ƙi sakinsa wata biyu, uku. Ko wanda ƙannensa suka kamo shi a tsawo. Ko yarinyar da al'adarta ta rikice wuyanta kuma ya kumbura. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku da jan ido, ƙuraje da ciwon ciki kuwa ba ya jiran gobe, ko da gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna babu. Jaririn da shawara ta daɗe a jikinsa, ba ya kuka, ba ya kama nono sosai, cibiyarsa ta turo, harshensa ya yi kauri, shi ma a gaggauta: a duniya ana haihuwar jariri ɗaya cikin 2000 zuwa 4000 da tiroyid wadda ba ta aiki, in an fara ba shi magani cikin makonnin farko yakan girma kamar kowa.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi. Ba a kai kumburin gaban wuya wurin wanzami a yi masa sakiya ko tsaga, domin manyan jijiyoyin jini na gefensa, kuma ba ƙurji ba ne balle a fitar da mugunya. Cire hakin wuya ba ruwansa da maƙoƙo. Kafso na masu tallan magani a bakin tasha ba ya taɓa kumburin de Quervain, tunda ba irin ƙwayoyin da kafso ke kashewa ne suka kawo shi ba. Ba a ba yaro mai mura asfirin sai da izinin likita. Haka nan maganin lebotiroksin, wanda ke maye gurbin T4, ba a shan na maƙwabci: in ya yi yawa zuciya yake wahalarwa. Wanda kuwa likita ya riga ya ɗora a kansa, kada ya yanke don ya kamu da mura. Ɗan kasuwar da zai yi doguwar tafiya da iyali ya tanadi na hanya tun daga gida.

Awon TSH sai ɗakin gwaji mai na'ura, abin da ya fi ƙarfin CSI na ƙauye. A Yamai, cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni ta daɗe tana awon sinadaran tiroyid da ɗaukar hotonta, amma tsakanin Yamai da Asamaka akwai sama da kilomita 1300. Abin da majo zai iya yi a bakin iyaka ba ya bukatar wutar lantarki: ya shafa wuyan yaro, ya ƙirga bugun zuciyarsa, ya auna tsawonsa da nauyinsa, ya rubuta a takardar da za ta bi shi har asibitin Arlit, ko babban asibitin Agadas, ko CSI na garinsu. Yaron da ake sauyawa daga mota zuwa mota, in ba a rubuta abin da aka gani ba, babu mai sake awon nan na bayan mako shida.

Rigakafi ya fi magani, in ji masu iya magana, kuma a wannan fage rigakafin ba shi da tsada. Dokar sa iyod a gishiri tana nan a rubuce. Saura kwalbar gwaji ta kasance a aljihun ma'aikacin duwan na Asamaka da na masu duba kasuwannin Arlit da Agadas, a kuma taimaka wa masu gishirin Bilma da Tigidda su sami hanyar zuba iyod a wanda mutane ke ci ba tare da an kashe musu sana'a ba. Mai shago ya rufe bakin buhunsa, ya ajiye shi a inuwa. Uwargida ta zuba nata a gwangwani mai murfi, ta sa a miya dab da saukewa. Kantu kuwa a bar wa raƙuma da awaki.